Illinois ko Ys: Wane Kundi Za Ka Fara Saya a Salon Cemba Pop?

Duk wanda ya tambayi masu bin kiɗan Amurka inda zai fara sauraron salon da ake kira cemba pop, da wuya a lissafa masa kundi biyar ba a sa waɗannan biyun ba: Illinois na Sufjan Stevens, wanda ya fito a watan Yulin 2005, da Ys na Joanna Newsom, wanda ya biyo baya a Nuwamban 2006. Wata goma sha shida ne tsakaninsu. Dukansu sun fito daga ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, a dukansu mawaƙin ne ya rubuta waƙoƙinsa da kansa, kuma dukansu cike suke da goge da kayan busa. Shi ya sa ake jera su wuri guda kamar 'yan ɗaki ɗaya. Amma wanda ya saye su da wannan zato zai sha mamaki, domin hanyar da aka bi aka gina kowanne ta saɓa wa ta ɗan'uwansa tun daga tushe, kuma ita ce ke yanke irin kunnen da irin lokacin da kowane kundi yake bukata.

Kalmar cemba tana nufin ɗaki ko zaure. A kiɗan gargajiyar Turai, kiɗan cemba shi ne wanda makaɗa kaɗan ke yi a zaune, kamar masu goge huɗu, ba babbar tawagar da ke cika dandali ba. Cemba pop kuwa waƙar zamani ce mai baiti da amshi, sai dai an yi mata ado da waɗancan kayan: gogen Turawa manya da ƙanana, fiyano, sarewa, obo, kakakin tagulla. Ana danganta tushensa da shekarun 1960, musamman aikin Brian Wilson na ƙungiyar The Beach Boys a kundin Pet Sounds na 1966.

Yadda aka gina Illinois

An haifi Stevens a Detroit a 1975. Sunansa ba baƙo ba ne ga kunnen Bahaushe, domin Sufyanu ne aka rubuta da wasu haruffa. Tun yana yaro ya koyi busa obo, wadda 'yar'uwar algaita ce wajen yadda take fitar da sauti, kuma wannan horon yana nan a cikin yadda yake tsara kiɗa. Illinois shi ne na biyu a shirin da ya ce zai yi na kundi ɗaya ga kowace jiha a jihohin Amurka hamsin, bayan Michigan na 2003. Daga nan shirin bai ƙara motsi ba, shi ma daga baya ya amsa cewa dabarar talla ce. Kamfanin da ya fitar da kundin, Asthmatic Kitty, shi ne ya kafa shi tare da mijin mahaifiyarsa, Lowell Brams.

Kundin yana da lamba 22, wato waƙoƙi da guntayen kiɗa, tsawonsa minti 74, wato kusan cikar faifan CD. Kayan kiɗa kimanin ashirin Stevens ya kaɗa ko ya busa da kansa: gita, fiyano, banjo, obo, sarewa iri-iri, akodiyan, ƙananan ƙarafan da ake bugawa da sanda, har da ƙararrawa. Ya gayyato masu goge huɗu, da mai kakaki Craig Montoro, da mai ganga James McAlister, da 'yan amshi waɗanda Shara Worden ke cikinsu. An ɗauki yawancin aikin a wani ƙaramin situdiyo a unguwar Astoria ta New York da kuma ɗakinsa a Brooklyn. Fiyanon kuwa a wani coci aka ɗauke shi.

Kayan ɗaukar ba masu tsada ba ne. Na'ura ce mai layin sauti takwas, da makirfo irin su Shure SM57 da AKG C1000, sannan a haɗa komai a manhajar Pro Tools. Na'urar tana auna sauti sau 32,000 a daƙiƙa, alhali faifan CD yana amfani da 44,100. A ƙa'ida, na'ura ba ta iya riƙe sautin da ya wuce rabin wannan adadi, don haka duk wata siririyar ƙara da ta haura 16,000 ba ta shiga ba. Shi ya sa saman sautin kundin yake da ɗan laushi, kugen ganga ba ya walƙiya sosai.

Mutum ɗaya ba zai iya kaɗa kaya ashirin a lokaci guda ba, sai dai ya ɗora su ɗaya bisa ɗaya kamar jeren bulo. Kuma jeren ba zai tsaya ba sai da ma'auni tsayayye a ƙasa. Wannan larura ita ta haifi sautin Illinois. Za ka ji ɗan gajeren karin fiyano ko na ƙarfe yana maimaita kansa, sai sarewa ta hau kai da nata karin, sai kakaki, sai goge, sai 'yan amshi su rufe. Masu sharhi da yawa sun ji tasirin Steve Reich a nan, mai tsara kiɗan New York da ya shahara da maimaici, kuma lamba ta ƙarshe a kundin ba ta ɓoye wannan dangantaka ba. Ma'aunin bugun yakan zo da ban mamaki. Kashin farko na "Come On! Feel the Illinoise!" yana tafiya a bugu biyar. Idan kana son kama shi, ƙirga ɗaya-biyu-uku, ɗaya-biyu, kana bin fiyano, har ka ji inda zagayen ke komawa. A kashi na biyu sai ya sauka zuwa bugu huɗu da kowa ya saba. Duk da haka saurin kiɗan ba ya rawa. Da zarar ƙafarka ta kama shi, ba zai kuɓuce maka ba.

Yadda aka gina Ys

An haifi Newsom a 1982, ta tashi a garin Nevada City na Kalifoniya. Kayan kiɗanta hap ne, babbar garayar Turawa da ake girke wa a ƙasa a jingina da kafaɗa. Irin wadda ake kaɗawa a dandali tana da tsirkiya 47 da matakan ƙafa bakwai da ke sauya sautin tsirkiyoyin. Ta faɗa a hirarraki cewa ta ɗauki darasi daga salon kora ta Afirka ta Yamma, mai tsirkiya 21, inda hannu ɗaya ke tafiya a wani ma'auni, ɗayan kuma a wani. Wanda ya saba da korar Mali ko Gambiya zai tsinci wannan saƙa a wurare, ko da yake an lulluɓe ta da goge.

Ys, wanda ake furtawa "iis", sunan wani birni ne na almarar yankin Brittany a Faransa, wanda aka ce teku ta haɗiye. Kamfanin Drag City na Shikago ne ya fitar da shi. Waƙa biyar ce kacal, minti 55 da 'yan kai. Mafi gajarta, "Cosmia", ta wuce minti bakwai. Mafi tsawo, "Only Skin", saura ƙiris ta cika minti goma sha bakwai.

Tsarin aikin ya bi mataki huɗu, kowanne a hannun gwani daban. Da farko Steve Albini, wanda ya ɗauki kundin In Utero na Nirvana a 1993, ya ɗauki muryarta da hap kaɗai a Los Angeles. Daga nan Van Dyke Parks, tsohon abokin aikin Brian Wilson, ya shafe watanni yana rubuta abin da tawagar makaɗa kimanin talatin za ta kaɗa a kan abin da aka riga aka ɗauka. Aka ɗauki tawagar a 2006, Jim O'Rourke ya haɗa sautin, aka yi gyaran ƙarshe a situdiyon Abbey Road ta Landan. Duk wannan a kan zaren kaset aka yi shi, da na'urori biyu masu layi 24 kowace.

A nan gizo ke saƙar. Tun da muryar da hap suka riga kowa shiga, saurin waƙar yana bin numfashin mawaƙiyar ne da tsawon jimlarta. Takan ja, takan yi sauri, takan tsaya. Gogen Parks ba su da wani ma'auni tsayayye da za su jingina da shi, don haka kalmomi suke bi. Ta ambaci tsuntsu, sai su yi sama. Ta yi tambaya, sai su amsa da guntun kari su ɓace. Da wuya su riƙe kari ɗaya na tsawon lokaci. Ganga kuwa kusan babu ita. Wanda ya shigo yana neman inda zai ajiye ƙafa zai rasa, sai ya ɗauka kiɗan ya rikice, alhali a wajen kalmomi zaren yake. Waƙa ɗaya ce babu tawagar a cikinta, "Sawdust & Diamonds", kusan minti goma na murya da hap zalla, kuma ita ce ke nuna cewa waƙoƙin suna tsaye da ƙafarsu ko babu adon.

Murya da abin da ake faɗa

Muryar Stevens siririya ce mai sanyi, kusan raɗa, kuma sau da yawa yakan ɗauke ta sau biyu ya ɗora don ta yi kauri. Ba ta tsorata kowa. Aibinta shi ne ba ta cika sauyawa ba: da murya ɗaya yake waƙar murna da ta makoki, kuma bayan awa guda wasu kan ji ta gundure su. Ingilishinsa mai sauƙi ne, jimlolin gajeru. Wahalar tana wajen sunaye. Kundin cike yake da tarihin jihar Illinois: Abraham Lincoln, mawaƙi Carl Sandburg, baje kolin duniya da aka yi a Shikago a 1893, yaƙin Black Hawk, garuruwan Jacksonville da Decatur. Amma rashin sanin waɗannan ba ya hana jin daɗi, domin a mafi kyawun waƙoƙin tarihin ƙofa ce kawai zuwa wani ciwo na mutum ɗaya. "Casimir Pulaski Day" ta ɗauki sunan ranar hutun da ake yi a jihar a Litinin ta farko ta watan Maris, amma labarin ƙawa ce da sankarar ƙashi ta kashe, da addu'ar da aka yi mata, da tambayar da ta rage wa mai rai. Gita da banjo da kakaki ne suka raka ta, kuma a ganina babu abin da ya kai ta a kundin.

Abu biyu ya kamata mai saye ya sani tun da wuri. Stevens Kirista ne, kuma hotunan addininsa suna ratsa waƙoƙin a fili. Sannan lamba ta huɗu tana magana ne a kan John Wayne Gacy, wanda ya kashe samari da yara maza aƙalla 33 a yankin Shikago, kuma ta ƙare da mawaƙin yana kwatanta ɓoyayyen laifinsa da na makashin. Ba waƙar da za a saka a gaban yara ba ce.

Muryar Newsom kuwa ita ce shingen farko. Tana da kaifi, takan tsage a farkon kalma, takan yi wani ƙyas da wasu ke kwatantawa da muryar yarinya. Akwai waɗanda ba sa iya wuce minti biyu. Shawarar da ta fi amfani ita ce a ba ta sauraro uku kafin a yanke hukunci, domin kunne yakan saba da kaifin ya fara jin yadda take lanƙwasa kari. Idan bayan na uku tana nan tana sukar kunne, to a haƙura, ba za ta canza ba.

Shinge na biyu Ingilishi ne. Baitocinta dogaye ne, cike da tsofaffin kalmomi, da sunayen tsirrai da tsuntsaye, da amsa-amo a tsakiyar layi ba a ƙarshensa kaɗai ba. Ko waɗanda aka haifa cikin harshen sukan buɗe ƙamus. Amshi mai dawowa kaɗan ne. Ta bayyana cewa waƙoƙin sun fito ne daga abubuwan da suka same ta cikin shekara guda, ciki har da mutuwar aminiyarta, wadda ita ce tushen "Cosmia". "Emily" ta yi wa 'yar'uwarta ce, masaniyar taurari, wadda muryarta ma tana ciki. "Monkey & Bear" tatsuniya ce sak: biri ya yaudari wata dabbar beya suka gudu daga gona da alkawarin 'yanci, sai ya mayar da ita mai rawa a ba shi kuɗi. Wanda ya tashi yana jin dogayen waƙoƙin makaɗan fada, inda ake zama a bi magana ɗango bayan ɗango, tsawon minti goma sha bakwai ba zai firgita shi ba. Abin da zai rasa shi ne 'yan amshi da kalangun da ke riƙe masa hanya.

Abin da masu sharhi suka ce, da yadda ake karanta makinsu

Shafin Metacritic, wanda ke tattara sharhin jaridu ya fitar da matsakaicin maki cikin ɗari, ya ba Illinois 90, kuma yana cikin kundayen da suka fi maki a wurinsu a 2005. Ys ya sami 85. Mai gaggawa zai ce magana ta ƙare, na farko ya fi. Amma matsakaici yana ɓoye abu mafi muhimmanci, wato yadda ra'ayoyin suka warwatsu.

Dubi Pitchfork, mujallar sharhin kiɗa ta intanet, wadda a waɗancan shekarun maganarta ke ɗaga ƙaramin mawaƙi ko ta kayar da shi. Ta ba Illinois 9.2 cikin goma, ta naɗa shi kundin shekarar 2005. Ta ba Ys 9.4, wato sama da na Stevens, ta sa shi na uku a jerin 2006. A gefe guda, mujallar Rolling Stone ta ba Ys tauraro biyu cikin biyar. Robert Christgau, ɗaya daga cikin tsofaffin masu sharhin Amurka, ya ba Illinois A− ya ba Ys C+. Ma'ana, 90 ɗin Illinois na kundi ne da kusan kowa ya yarda da shi, 85 ɗin Ys kuwa haɗin masu cewa gagara-badau ne da masu cewa ba ya sauraruwa. Ga mai zaɓe, wannan yana nufin sayen Illinois ba shi da haɗari sosai, sayen Ys kuwa caca ce mai babbar riba ko babbar asara.

Sukan da aka yi wa kowanne yana da gaskiya a ciki, kuma ya fi yabon amfani ga mai saye. An ce Illinois ya yi tsawo, kuma haka ne: bayan lamba ta goma sha biyu dabarar jera kari bisa kari takan fara maimaita kanta. An ce taken waƙoƙin, waɗanda wasunsu sun kai sakin layi guda, da 'yan amshin masu fara'a, sun cika kwalliya. Mai sharhin Rolling Stone ya yabi kundin amma ya soki waƙar Gacy, yana ganin ta fi kama da aikin ajin koyon rubutu. A 2006 Stephen Thomas Erlewine na AllMusic ya rubuta maƙala guda sukutum yana ƙalubalantar yabon da ake wa Stevens. Ys kuma an zarge shi da cewa gogen Parks ba sa barin waƙa ta huta, kullum suna kai-komo a bayan murya. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya, musamman a rabin farko na "Emily", inda adon yakan ja hankali daga kalmomin da ya zo yi wa hidima.

A kasuwa babu wanda ya yi tashe nan take. Illinois ya tsaya a na 121 a jerin Billboard 200 na kundayen da suka fi ciniki a Amurka, Ys a na 134. Lokaci ne ya bambanta su. Waƙar "Chicago" ta shiga fim ɗin Little Miss Sunshine na 2006, mujallar Paste ta zaɓi Illinois a matsayin kundin da ya fi kowane a shekarun 2000, ya sami shaidar zinare ta cinikin kwafi dubu ɗari biyar a Amurka a 2017, sannan a 2024 aka mayar da shi wasan rawa a dandalin Broadway, inda Justin Peck ya ci kyautar Tony ta tsara rawa. Ys ya bi wata hanya: a farkon 2007 Newsom ta rera shi tare da cikakkiyar tawagar London Symphony Orchestra a zauren Barbican, kuma har yau masoyansa ba su kai na Illinois yawa ba, amma riƙonsu ya fi tsanani.

Saye da sauraro

Samun Illinois ba wuya. Yana kan Spotify, wadda ta fara aiki a Najeriya a 2021, da sauran manhajojin sauraro. Newsom kuwa ta hana a sa waƙoƙinta a Spotify, kuma tun 2015 take sukar kamfanin a fili kan abin da yake biyan mawaƙa. Mai son Ys ya shirya sayen sa, ko a matsayin fayil ko faifai, daga Drag City ko dillalan da ke sayar da kayansu. A nemi wanda ya zo da rubutattun baitoci, domin sauraron Ys babu su kamar shiga daji ne da dare babu fitila.

Wajen data, lissafin a bayyane yake. Fayil mai ingancin 320, wato kilobit 320 a daƙiƙa, yana cin kusan megabait 2.4 a minti, don haka Illinois zai ci kimanin 178, Ys kuma 133. A ingancin 128 za su sauko zuwa kusan 71 da 53. Idan dole sai an yi tsimi a ɗaya, a yi shi a Illinois. Tun asali saman sautinsa a yanke yake, matse fayil ba zai ɗauke masa abu mai yawa ba, kuma biyan ƙarin kuɗi don fayil mai inganci sama da na CD asara ce. Ys ne ke shan wahala idan an matse shi: amon da tsirkiyar hap ke bari bayan an fizge ta yakan dusashe, gogen kuma su koma kamar ƙarar ƙarfe.

Lasifikar waya ma ba ta yi musu adalci iri ɗaya. Illinois yana rayuwa a tsakiyar sauti, inda kakaki da banjo da murya suke, don haka ko a ƙaramar lasifika ana gane shi. Yana jure mota, yana jure kasuwa, yana jure ƙarar janareto. Tsirkiyoyin hap na ƙasa kuwa suna sauka har wajen da wayar hannu ba ta iya fitarwa sam, kuma su ne ke riƙe da ginin waƙar tun da kusan babu ganga. A lasifikar waya sai ka ji murya mai kaifi tana yawo ita kaɗai, abin da ya sa da yawa suka yanke wa kundin hukunci tun ba su ji shi ba. Ga shi kuma tazarar da ke tsakanin wurin da ta yi ƙasa da murya da wurin da tawaga ta taso tana da faɗi, ta yadda a cikin hayaniya za ka yi ta ƙara sauti kana ragewa. Yana bukatar abin sauraro mai rufe kunne da ɗaki shiru.

Kuskuren da aka fi yi da Illinois shi ne barin manhaja ta cakuɗa jerin waƙoƙin. Shida daga cikin lambobi 22 ba su kai minti ɗaya ba, ɗaya ma daƙiƙa shida ce. Gadoji ne tsakanin waƙoƙi, wasu kuma jelar waƙar da ta gabata ce. Idan aka cakuɗa, sai su zama guntaye marasa ma'ana. A kashe cakuɗawa, a kunna tsarin da ke hana shiru tsakanin lamba da lamba. Wanda minti 74 ya yi masa yawa a zama ɗaya, ya tsaya a ƙarshen lamba ta goma, wajen minti 36, ya dawo wa sauran gobe. Rabin farkon shi ne mafi ƙarfi.

Da Ys kuskuren shi ne farawa daga farko a ce sai an kai ƙarshe. Gara a fara da "Cosmia", wadda ta fi gajarta kuma tana da abin da ya yi kama da amshi. Sai "Monkey & Bear", domin labarinta yana da kai da gindi, za ka iya binsa ko wasu kalmomi sun wuce ka. Sai "Sawdust & Diamonds" don jin hap tsirara. A bar "Only Skin" sai ƙarshe, a kuma jira wajen ƙarshenta inda muryar mawaƙi Bill Callahan mai kauri ke shigowa ƙarƙashin tata. Waƙa ɗaya a rana ta isa.

To wanne za a ɗauka? Ga mafi yawan mutane, Illinois. Idan Ingilishinka matsakaici ne, ko a hanya kake yawan sauraro, ko kana son abin da za ka iya rerawa bayan ji biyu, babu ja. Haka ma ga mai koyon haɗa kiɗa a ƙaramin situdiyo, domin darasi ne a fili kan abin da makirfo mai araha da haƙurin jera layi za su iya yi. Amma ga marubucin waƙa, ko ɗalibin adabi, ko wanda ya fi damuwa da yadda kalma ke jan kiɗa a baya, Ys ya fi zurfi, kuma ya fi daɗewa bai ƙare ba. Illinois yana ba da mafi yawan abin da yake da shi cikin sauraro biyar na farko. Ys a na biyar ɗin ne yake fara buɗe ƙofa. Da za a tilasta mini ajiye ɗaya na shekara goma, Ys zan ajiye, amma ba shi zan miƙa wa baƙon salon ba.

Mai neman faifai na hannu ya lura da bango. Zanen farko na Illinois, na Divya Srinivasan, yana ɗauke da hoton Superman yana shawagi a sama. Tsoron rikici da kamfanin DC Comics, mai mallakar Superman, ya sa aka rufe shi da sitikar balan-balan a wasu kwafin, daga baya aka cire shi. Kiɗan da ke ciki iri ɗaya ne, don haka kada a biya ƙari sai dai idan tara faifai ake yi. Bugun faifan garmaho yana da ƙarin waƙa ɗaya, "The Avalanche". Bangon Ys zanen Benjamin Vierling ne, irin na tsofaffin masu zanen Turai, kuma ya fi kyau a babban bugun garmaho mai faifai biyu.

Akwai kuma batun inda kowane kundi zai kai ka bayansa. Wanda ya so Illinois zai sami irinsa a Michigan da kuma The Avalanche na 2006, mai ɗauke da waƙoƙi 21 da suka rage daga wannan aikin. Daga nan Stevens ya sauya hanya: The Age of Adz na 2010 kiɗan na'ura ne mai hayaniya, Carrie & Lowell na 2015 kuwa kusan gita da murya ne kawai. Wanda ya so rubutun Newsom amma muryar ta hana shi sakewa, ya gwada Have One on Me na 2010. Ta yi fama da ciwon maƙogwaro a 2009, muryar ta dawo da laushi fiye da da, kuma an shigo da ganga da fiyano. Sai dai ya tanadi lokaci, domin waƙa 18 ce a faifai uku, sama da awa biyu.